Lakar Gindin Kwalba

Duk wanda ya taɓa zuwa gayyar yankan ciyawa a ƙauyenmu na Ramunai, can gefen Birjai a arewacin Lituwaniya, ya san Tekle. In bai riƙe fuskarta ba, ya riƙe kwalbarta: koriya shar, mai kaurin gindi, an ɗaure bakinta da zare an tsoma a kakin zuma. Ita kanta Tekle kusan haka Allah ya ƙera ta, gajeruwa, mai faɗin ƙugu, ɗankwali ɗaure tamau a ƙarƙashin haɓa, kuma in ka girgiza ta sai ta yi kumfa.

A wajenmu dafa giya aikin maza ne. Amma ubanta Rapolas 'ya'ya mata kawai ya samu, da ya gaji da jiran namiji sai ya duba cikinsu ya zaɓi wadda ta fi hanci. Tun tana 'yar ƙwailarta ya koya mata jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, da shanya tsiron a ɗakin wankan tururi, da tace ruwan ta cikin rassan kadagi, itacen nan mai ƙaya da 'ya'ya baƙaƙe. Abu ɗaya ne bai koya mata ba, don shi ma bai taɓa yi ba: zuba furen apini. Kowane gida a ƙasar nan yana da apini yana hawa sanda a bayan ɗaki kamar wake, shi ke ba giya ɗaci, shi ke hana ta tsami. Gidan su Tekle ne kaɗai babu. Ƙasarsu fadama ce, apini ya ƙi kamawa, kakanta kuwa ya taɓa yin faɗa da maƙwabcinsa a kan iyakar gona, ya rantse gara ya sha ruwan kwata da ya roƙi fure a gidan. Sai ya shiga jeji ya tsinko ciyawar jini, wadda ake tsayar da jinin yanka da ita, ya haɗa da ɗan tazargade da 'ya'yan kadagi, ya dafa abinsa. Daga baya ya riƙa cewa da gangan ya yi, wai apini na malalata ne, barci kawai yake sa maza, tasa kuwa rawa take sa su.

Girman kan kaka ke nan ya zama gadon jika. Tekle ta yi aure, ta tatsi shanun gonar gwamnati a zamanin Rasha har yatsunta suka lanƙwashe, ta haifi 'yarta Danguole, ta binne mijinta Alfonsas, mutum mai shiru wanda ake cewa a rayuwarsa sau biyu ya ɗaga murya, duka biyun ma taraktarsa yake zagi. A duk wannan tsawon, shekara ba ta taɓa juyowa ba ta dafa giyarta ba.

Giyar ganye kuwa ba ta gaggawa ba ce. Tana sabuwa cizo take yi kamar karen da ba a saba da shi ba. Sai an bar ta a ganga ta gama surutunta. Tekle takan manna kunne a jikin gangar kowace safiya, in ta ji tana ƙus-ƙus ta ce, "Ci gaba da gulmarki, ina dawowa." Ranar da ta yi shiru, ranar za a zuba a kwalba. Kwalaben shampen ne da ta yi ta tsinta a gidajen biki tun tana amarya, su kaɗai ke jure numfashin giyar ba su fashe ba. Kowace ta ɗiga mata zuma a bakin cokali, ta dafa matoshi ya yi laushi ta danna, ta ɗaure, ta tsoma a kaki. Da yake ba apini a ciki, zafi ne babban maƙiyinta, don haka sai ta jera kwalaben a kwandon saƙa ta zura cikin rijiya, su kwana su tashi a ruwan sanyi tun daga narkewar ƙanƙara har ciyawa ta isa yanka. A nan cizon yake kwanciya, ƙamshin jeji ya taso, wata laka mai ruwan toka ta taru a gindin kwalbar.

A cikin wannan rijiyar dai, a wata igiya dabam, akwai ɗan tulun gilashi da ya fi duka kwalaben daraja. Yis ɗin gidansu ne a ciki, abin da ke sa giya ta tashi ta yi kumfa. Daga hannun kaka ya zo hannun uba, daga uba ya zo hannunta, kowace shekara a ɗebi sabo daga saman giya a mayar. Ba a saye shi ba, ba a sayar da shi, kuma a al'adarmu ko kyauta aka ba ka ba a godiya, in ka gode ya mutu.

To, sai maganar Anupras. Shi ne jikan wancan maƙwabcin na faɗan iyaka, dogo kamar sandar apininsa, gashin baki ya rufe masa leɓe, gwauro tun da matarsa ta rasu. Shi ma madafi ne, kuma ba laifi, giyarsa tana shayuwa, in dai kana da inda za ka kwanta kusa. Shi da Tekle ba su taɓa haɗuwa a hanya sun rabu lafiya ba.

"Uwar ciyawa, yau wane maganin tsutsar ciki ake dafawa?"

"Wanda ya warkar da kai bara, sarkin barci. Ka farka ke nan?"

Abin dariyar ma, su biyun aka taɓa zaɓa su tsaya wa jaririya ɗaya a coci ranar baftisma, 'yar maƙerin gari, Milda. Kowa ya san masu tsayawa dole su zauna manne da juna a wurin cin abinci, in ba haka ba haƙoran yaro su fito da tazara. Su kuwa tun kafin a yanka burodi suka fara musu a kan giyar wa za a fara buɗewa, wannan ya ja kujerarsa gabas, waccan ta ja tata yamma. Milda ta girma, ita ke raba mana wasiƙu yanzu a kan keke, da wushiryar da za ka iya zura tsinken ashana biyu a ciki. In ta gan su sai ta washe baki ta ce, "Ga aikinku nan, ku duba da kyau."

Duk da haka Anupras bai taɓa fashin gayyar ciyawar Tekle ba. Kowa ya yi aiki ana ba shi kwalba ɗaya ya tafi da ita gida. Shi ma yakan karɓa, ya ɗaga ta sama ya duba lakar, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Madalla. Aladuna sun daɗe ba su yi zawo ba." Kuma shi kaɗai ne a garin bai taɓa maido kwalba ba. Tekle ta yi mita har ta gaji.

Shekarar da abin ya faru, shamuwa ba ta daɗe da sauka a kan turken wutar lantarki ba. Ƙanƙara ta narke, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. Ƙasarmu kuwa ta san halinta, ramuka ne a ƙarƙashinta, takan buɗe baki ta haɗiye abin da ta ga dama, yau kusurwar gona, gobe bishiya da saiwarta. Tekle ta fito da safe da guga a hannu, tana ƙunƙunin ciwon gwiwa, ta zagaya bayan ɗaki, sai ta tsaya cak. Babu rijiya. Inda take jiya wani rami ne mai faɗin ɗaki, jan ruwa yana juyawa a gindinsa, rufin katakon rijiyar ya karkace a gefe kamar hular mashayi. Kwandon da sauran kwalaben bara, da igiyar, da ɗan tulun, duk ƙasa ta yi loma ɗaya da su.

Kafin rana ta ɗaga gari ya taru. Samari suna ɗaukar hoto da waya, tsofaffi suna tuna ramukan da suka fi wannan. Kowa cewa yake, "An gode Allah ba da ke a bakinta ba." Tekle ta amsa da kai. Ba ta yi kuka ba, amma ta zauna a kan gugar da ta kifa, ta rasa inda za ta ajiye hannuwanta. Rijiya ana haƙa wata. Tsironta na bana ma yana nan a buhu, ya bushe yana jira. Amma ba yis, kuma in zafi ya shigo kafin ta dafa, bana ta wuce, in bana ta wuce ba ta ga abin da zai dawo da baɗi ba.

Danguole ta zo daga birni ran Asabar da leda cike da magungunan gwiwa, ta zaro wata 'yar takarda mai sheƙi ta ajiye a tebur.

"Mama, ga yis na kanti. Mai shagon ya ce har gasa ake ci da shi."

Tekle ta juya takardar da ɗan yatsa kamar mushen ɓera. Don kada ran yarinyar ya ɓaci ta gwada a ƙaramar tukunya. Ya yi kumfa kuwa, da sauri ma, kamar mai neman a yaba masa. Ta ɗanɗana ta tofar a bakin ƙofa.

"Yaya, Mama?"

"Giya ce. Ta kowa da kowa. Bai san ciyawar jini ba, bai san gidan nan ba, baƙo ne ya shigo da takalmi."

Anupras ma ya leƙo ta saman shinge, ya yi gyaran murya ya ce, in tana so, ba don komai ba, akwai yis a gidansa.

"Yis ɗin da aka yi renonsa da apini? Ya zo ya yi min minshari a ganga? Riƙe abinka, maƙwabci."

"To ki dafa da girman kai, shi ma yana kumbura."

Ana haka, wata rana tana wanke tukunyar gwajin, ta ga ɗan abin da ya kwanta a gindinta, sai hannunta ya tsaya. Laka. Sau nawa ta faɗa wa mutane su zuba a hankali su bar yatsu biyu a ƙasa, don lakar nan ba datti ba ce, yis ne ya gama aiki ya kwanta? Wanda ya kwanta kuwa ana iya tashinsa. Kwalba ɗaya take bukata ta bara wadda ba a buɗe ba.

Ta yafa mayafi ta bi gari gida-gida. Gidan maƙeri sun sha tasu tun Kirsimeti. Faston coci ya yi murmushi ya ce ai baƙi ya yi daga nesa, ya fitar musu da abin da ya fi kyau. Wata ta wanke tata ta zuba man girki, wata ta dasa fure a ciki. Milda ta ce tata ranar da aka ba ta ta sha, a kan keke ma. Kowa yabo yake yi, yabon kuwa a ranar bai yi wa Tekle daɗi ba ko kaɗan.

Saura gida ɗaya. A hanya ta riƙa lissafi a ranta: mutumin nan ba ya sha, kuma ba wawa ba ne da zai ba alade abin da aka sa wa zuma. Lalle suna can jere a ɗakin ƙasa, cike, ƙura ta rufe su, shekara da shekaru. Har sauri ta ƙara, ta manta da gwiwa.

Ta same shi yana ɗaure wa apini igiya.

"Anupras, kwalabena na zo karɓa."

"Yau kuma? Ai na gaya miki, aladu."

"Aladun sun haɗiye har gilashin? Buɗe min ɗakin ƙasa."

"Ba a shiga, matakalar ta ruɓe."

"Ƙasa ma ta buɗe ba ta ci ni ba, sai matakalarka? Matsa, dogon banza."

Ta ture shi ta sauka. Da idonta ya saba da duhun sai ta gan su. Bango guda, koraye shar, kowace an kifa ta a kan turken katako, an wanke ta tas tana ƙyalli. Ko ɗaya babu mai ɗigo a ciki. Ta dafa bango. Sai kuma wani abu ya taso mata daga ciki, ta rasa kuka ne ko dariya. Ta juyo ta dube shi, yana tsaye a matakala ya cire hula yana murza ta.

"Maƙwabci, ashe aladunka sun iya wanke kwalba."

"Suna da tarbiyya."

"Har da kifewa a kan turke."

Kunnuwansa suka yi ja kamar gwoza a miya. Ranar wanka dai ba a ɓoye cibi. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ɗanɗanawa nake yi, don in san abin da nake zagi."

"Ka ɗanɗana ka kashe ni. Ko ɗaya ba ka rage ba, mai baƙin maƙogwaro?"

Idonsa ya zame ya faɗa wani lungu, ya yi sauri ya ɗauke, amma ta riga ta gani. A lungun ne ya ajiye kayan tafiyarsa, kamar yadda tsofaffinmu ke yi: allunan akwatin gawa an jingine, baƙar kwat a cikin leda, buhun tsiron da za a dafa giyar makokinsa. A ƙasa kuma akwai akwatin yashi mai danshi, wani ɗan kai mai kakin zuma ya leƙo daga ciki.

"Kul!" in ji shi. "Wannan ba ta taɓawa ba ce."

"Ta mece ce?"

"Tawa ce. Kowace shekara in kin ba ni sabuwa sai in binne ta, in sha tsohuwar. Na bar wa ɗan ƙanena wasiyya, ranar da za a rufe ni ya sa min ita a gefen hagu, ƙarƙashin kwat."

"A cikin akwatin? Don me?"

"Don in sha inda ba mai ganina."

Tekle ta zauna a kan buhun tsiro ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Da ta share hawaye ta ce, "Ba ni ita. Laka kawai nake so."

"In lakar ta ƙi tashi fa? Ke ba yis, ni ba guzuri. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, Tekle."

"To kada ka mutu bana."

"A hannuna yake?"

"Mutumin da ya yi shekaru yana ƙarya a kan aladu bai ji kunya ta kashe shi ba, me kuma zai kashe shi?"

Ya daɗe yana kallon ɗan kan kwalbar. Daga nan ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya tone ta da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri, ya hau da ita a tsaye ba tare da ya girgiza ba.

Suka zauna a teburinsa da tsakar rana, ya yanko baƙin burodi da farin cuku, ya ajiye kofi ɗaya a tsakiya yadda aka saba. Tekle ta kankare kakin, ta yanke zaren, matoshin ya fita da ɗan nishi. Ta karkata kwalbar sannu-sannu. Ƙamshin jeji bayan ruwan sama ya cika ɗakin. Shi ya fara sha a matsayin mai gida, ya rufe ido, gashin bakinsa ya yi fari da kumfa.

"Yaya?" in ji ta.

"Tazargade ya yi yawa."

"Miƙo kofin, marar kunya."

Da ya rage yatsu biyu a gindi ta tsaya, ta mayar da matoshi, ta cusa kwalbar ƙarƙashin rigarta a jikin ciki don ɗumi. A bakin ƙofa ta juyo, bakinta ya buɗe, kalmar har ta hau harshe.

"Kul, tsohuwa!" ya daka mata tsawa. "Kika gode min, ki nemi wani yis ɗin a lahira."

Ta haɗiye godiyarta ta tafi.

A gida ta dafa ɗan ruwan tsiro mai zaƙi, ta bar shi ya huce har ya zama kamar madarar da aka tatso yanzu, ta juye lakar a ciki, ta rufe da tsumma mai tsabta, ta ajiye kusa da murhu. Daga nan wahalar gaske ta fara. Kowa ya san yis ba ya tashi a gidan da ake faɗa. Ba a buga ƙofa, ba a ɗaga murya, ba a zagi ko na wasa. Anupras kuwa ya kasa zama a gidansa, kullum da hantsi sai ga shi, ya cire takalmi a waje ya shigo da sanɗa.

"Ina kwana, maƙwabciyar kirki," ya ce, kamar ana zare masa haƙori.

"Lafiya lau, maƙwabci na gari. Zauna."

Benci ɗaya ne kusa da murhun, gajere kuma. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna kallon tsumma. Magana ta zo masa a baki ya tauna gashin baki ya mayar. Ita ma amsar da ta tanada ta tsaya mata a wuya, sai ta tashi ta ɗebo ruwa ta kora. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, ruwan nan yana kwance lumui kamar tafki. Tekle ta fara ramewa. Anupras ya fara tari yana taɓa ƙirji yana kallonta da gefen ido. Wata safiya Milda ta leƙo ta taga da wasiƙa a hannu, ta gan su manne da juna shiru, ta ce, "Af! Sai yanzu? Ai haƙoran sun riga sun fito." Ba wanda ya iya ramawa.

Ranar da Tekle ta fara tunanin zubar da abin, ta kai hannu za ta ɗaga tsumman, sai Anupras ya riƙe mata hannun riga ya nuna kunnensa. Ta sunkuya ta manna nata a jikin tukunyar. Can ciki, siriri kamar gulmar tsofaffi a bayan coci, ana ƙus-ƙus. Ta ɗaga gefen tsumman. Wata 'yar kumfa mai ruwan toka ta kewaye baki, ƙamshin da ta sani tun tana tsayawa a kan kujera don ta leƙa gangar ubanta ya daki hancinta.

Ta rufe a hankali. Ta ja Anupras da hannu suka fita, suka wuce ramin rijiya, suka wuce shinge, sai da suka kai tsakiyar gonar dankali inda yis ba zai ji ba. A nan ta riƙe ƙugu ta zazzage masa duk abin da ta tara, tun daga tarin ƙaryarsa har warin safarsa. Shi ma ya rama da na kakanta da fadamarsa. Shamuwa ta tashi daga kan turke don hayaniya. Sun ce ba su taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba.

Ta dafa giyarta a ƙurarren lokaci, sanyi yana shirin tafiya. Da ganga ta yi shiru ta je da amalanke ta kwashe kwalabenta duka daga bangon Anupras. Kwandon na bana a rijiyarsa ya kwana, don tata sabuwa ba a gama haƙawa ba. Da aka gama kuwa ta raba yis ɗin gida biyu, tulu ɗaya a tata, ɗaya a tasa, ta ce ba za ta sake ba ƙasa amanar abu a wuri ɗaya ba.

Ranar gayya, bayan an tara ciyawa an ci an sha, ta bi layi tana miƙa wa kowa kwalbarsa. Da ta zo kan Anupras ta miƙa masa biyu. Ya ɗaga su sama ya duba lakar, ya waiga ya ga gari duk ido a kansa.

"Aladun sun ƙaru," in ji shi.

"Ɗaya ta aladu ce," in ji Tekle. "Ɗayar ka san inda za ka binne ta. Kuma kada ka kuskura ka tafi da ita ba ka tambaye ni ba, wata rana ina iya bukatar gindin."